Za a iya auna tsaurin al'ada? Tambayoyi da amsoshi kan ma'aunin tsauri da sassauci tsakanin ƙasashe

Akwai wani jadawali da ya yi suna a fagen nazarin al'adu, wanda ya jera ƙasashe daga mafi tsauri zuwa mafi sassauci wajen ƙa'idojin zamantakewa. Malaman jami'a na koyar da shi, masu horar da ma'aikatan kamfanoni na ɗauko shi, 'yan jarida kuma na kafa hujja da shi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abu guda: shin wannan ma'auni yana auna abin da aka ce yana aunawa, kuma har ina za a iya dogara da shi?

Me ake nufi da tsauri da sassauci a nan?

Abubuwa biyu ne aka haɗa wuri guda. Na farko, ƙarfin ƙa'idojin da ba a rubuta ba: yawansu, da yadda suka fito fili har kowa ya san abin da ake so ya yi. Na biyu, abin da ke samun wanda ya kauce: harara ce kawai, ko tsawatarwa, ko ƙauracewa, ko kuwa ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Al'umma mai tsauri ita ce mai ƙa'idoji masu ƙarfi da ƙarancin haƙuri da mai saɓa su. Mai sassauci kuwa ƙa'idojinta ba su da yawa, kuma tana kawar da kai.

A lura, ba a maganar abin da ƙa'idar ta ƙunsa. Wata al'umma na iya tsananta wa mai zubar da shara a titi, wata ta tsananta wa mai shigar da ba ta dace ba. Dukansu tsauri ne, ko da yake abin da suke karewa daban ne.

Wa ya fara wannan tunani?

Masana halayyar al'ummomi ne. A 1950 John Embree ya kwatanta Tailan da Japan, ya ce tsarin zaman Tailan sako-sako ne. A 1968 Pertti Pelto ya jera al'ummomin gargajiya 21 bisa tsauri, ya sa 'yan Hutterite, wata ƙungiyar Kiristoci manoma ta Arewacin Amurka, a ɓangaren tsauri, mutanen Kung na kudancin Afirka da Skolt na arewacin Finland a ɓangaren sassauci. Harry Triandis ya shigar da batun cikin ilimin halayyar ɗan Adam a 1989. Aunawa da lambobi a ƙasashe masu yawa kuwa sai a 2011, lokacin da Michele Gelfand da abokan aikinta suka buga sakamakonsu a mujallar Science.

Yaya aka yi wancan binciken na 2011?

An tambayi mutum 6,823 a ƙasashe 33, tsakanin 2000 da 2003. Cikin 33 ɗin an ƙirga Jamus ta Gabas da ta Yamma daban-daban, an kuma ƙirga Hong Kong ita kaɗai. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya.

Zuciyar ma'aunin jimloli shida ce, kowace ana amsa ta daga 1 (sam ban yarda ba) zuwa 6 (na yarda ƙwarai). Ma'anarsu ita ce: a ƙasar nan akwai ƙa'idoji da yawa da ake so mutane su bi, an san sarai yadda ake so mutum ya kasance a yawancin wurare, mutane sun yi ittifaƙi kan abin da ya dace da wanda bai dace ba, mutane na da 'yanci sosai su yi yadda suka ga dama, in wani ya yi abin da bai dace ba sauran za su nuna rashin yarda ƙwarai, sannan kusan kullum mutane na bin ƙa'ida. Jimla ta huɗu a juye take, don haka ana cire amsarta daga 7 kafin a haɗa. Daga nan a ɗauki matsakaicin kowane mutum, a yi gyara saboda salon amsawa, a fitar da matsakaicin ƙasa.

Pakistan ce ta zo kan gaba da maki 12.3, sai Maleshiya 11.8, Indiya 11.0, Singafo 10.4, Koriya ta Kudu 10.0, Norwe 9.5. A can ƙarshe akwai Yukren da 1.6, Estoniya 2.6, Hungari 2.9, Isra'ila 3.1, Holan 3.3, Brazil 3.5. Amurka ta sami 5.1, Japan 8.6. Waɗannan lambobi an riga an sarrafa su, shi ya sa suka wuce 6. Babu wata ma'ana a ce Pakistan ta ninka Yukren tsauri kusan sau takwas, domin sifirin ma'aunin ba ya nufin babu ƙa'ida sam.

Me ake nufi da ingancin ma'auni, kuma da me ya bambanta da tsayuwarsa?

Sikelin da ke ƙara kilo biyu a kan duk abin da aka ɗora masa tsayayye ne: yau da gobe amsa ɗaya zai bayar. Amma ba ingantacce ba ne. Tsayuwa ita ce ma'auni ya riƙa ba da amsa iri ɗaya. Inganci shi ne amsar ta kasance ta abin da ake nema.

Ta fuskar tsayuwa, ma'aunin 2011 ya yi kyau: alfa ta Cronbach a matakin ƙasa 0.85 ce, wato jimlolin shida na tafiya tare. Gardamar tana kan inganci, kuma kwatanta ƙasashe na ƙara wani sharaɗi mai nauyi: dole sikelin ya yi aiki iri ɗaya a ko'ina. In a wata ƙasa yana ƙara kilo biyu, a wata yana rage ɗaya, jerin da aka fitar na iya zama jerin lahanin sikeli ne kawai.

Me ya sa ake tambayar mutum game da ƙasarsa, ba game da kansa ba?

Da gangan aka yi. Ƙa'idar zamantakewa ba a zuciyar mutum ɗaya take ba, tana cikin abin da kowa ke tsammanin sauran za su yi. Mutum na iya ƙin jinin wata ƙa'ida amma ya bi ta sau da ƙafa saboda ya san idon jama'a na kansa. In ka tambaye shi ra'ayinsa, za ka rasa wannan matsin. In ka tambaye shi yadda ake yi a ƙasarsa, ka mai da shi mai ba da rahoto.

Sai dai mai ba da rahoto ma yana da matsalarsa, kuma a nan ne suka mafi ƙarfi ta faɗo. Jimlar "ƙa'idoji da yawa" na buƙatar abin kwatance: da yawa in aka gwada da ina? Wanda bai taɓa fita ƙasarsa ba zai gwada da abin da ya sani. Dattijo a Kiev ko Budapest a shekarar 2002, wanda ya yi ƙuruciyarsa ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, zai iya duban zamanin da yake ciki ya ga komai ya kwance, ya ba da amsar sassauci. Abin da ya auna shi ne tazarar jiya da yau, ba tazarar ƙasarsa da Japan ba. Abin lura ne cewa ƙasashe uku da suka fi kowa sassauci a jadawalin duk daga tsohon yankin gabashin Turai suke. Wannan bai tabbatar da cewa makinsu kuskure ne ba, domin rushewar tsari na iya kwance ƙa'idoji da gaske, amma jimlolin shida ba za su iya rarrabe bayanan biyu ba.

Steven Heine da abokansa sun nuna wannan matsala ta abin kwatance a 2002. A 2005 kuma Antonio Terracciano da tawagarsa, bayan bincike a al'adu 49, suka gano cewa siffar da mutane ke ba "ɗan ƙasarmu" ba ta dace da halayen da aka auna a jikin 'yan ƙasar ba. Mutane na iya haɗuwa baki ɗaya a kan wani hoto na ƙasarsu, hoton kuma ya zamo ba daidai ba. A 2013 Michael Minkov, Vesselin Blagoev da Geert Hofstede sun yi irin wannan gargaɗi game da tambayoyin da ke neman mutum ya siffanta ƙa'idojin al'ummarsa.

Masu kare ma'aunin na da amsa mai ma'ana: tsauri ba kamar tsawo ba ne. In kowa ya yi imani za a hukunta mai kaucewa, kowa zai kame kansa, imanin ya zama gaskiya. Mun yarda da wannan dangane da jimlolin da suka shafi tsammani da rashin yarda. Ba mu yarda da shi ba a jimla ta shida, wadda ke cewa mutane na bin ƙa'ida. Wannan magana ce kan abin da ake aikatawa, kuma a irin wannan gani ya kori ji.

Shin salon amsawa na iya karkatar da sakamako?

Ƙwarai kuwa, kuma lissafin mai sauƙi ne. A ɗauki mutum biyu da ba su karanta jimlolin da kyau ba. Na farko mai kara ne, ba ya son musa wa takarda, sai ya zagaye 6 a duka shida. Biyar daga ciki sun ba shi 30, ta huɗu da aka juya ta koma 1, jimilla 31, matsakaici 5.17. Na biyu mai gardama ne, ya zagaye 1 a ko'ina: biyar da 6, jimilla 11, matsakaici 1.83. Ba ɗayansu da ya faɗi komai game da ƙasarsa, amma na farko ya fito daga "ƙasa mai tsauri", na biyu daga "mai sassauci". Da a ce jimloli uku ne a miƙe, uku a juye, da dukansu sun tsaya a 3.5.

Abin da ya sa wannan ya zama babban lamari shi ne, son cewa "na yarda" ba daidai yake a ko'ina ba. Ya fi yawa a al'ummomin da ke girmama na gaba da guje wa saɓani, waɗanda su ne dai ake zaton suna da tsauri. Haka ma wasu al'ummomi na son lambobin gefe, wasu na maƙalewa a tsakiya.

Masu binciken 2011 sun san da haka, shi ya sa suka daidaita amsoshin kowane mutum da matsakaicin amsoshinsa a sauran tambayoyin takardar. Gyaran na taimakawa, amma yana da kuɗinsa. Yana ɗauka cewa duk wanda ya yawaita yarda salo ne ya sa shi, alhali wataƙila da gaske ya yarda. Kuma sakamakon gyaran ya dogara da irin sauran tambayoyin da ke cikin takardar, don haka bincike biyu masu jimloli shida iri ɗaya na iya fitar da maki daban.

Fassara fa?

Hanyar da aka saba ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara zuwa harshen gida, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar, a gwada biyun. Tana kama kuskuren fili. Ba ta kama kalmar da ta koma daidai amma nauyinta ya sauya. Kalmar da aka zaɓa don "ƙa'idar zamantakewa" a wani harshe na karkata ga dokar gwamnati, a wani ga ladabi, a wani ga hukuncin addini. "Bai dace ba" na iya nufin rashin wayewa, na iya nufin abin kunya da zai bi mutum har gida. Mai amsa zai amsa tambayar da ya ji a harshensa.

Maganinta shi ne hira da mutum goma zuwa goma sha biyar a kowane harshe kafin a fita aiki. A karanta wa mutum jimlar, a ce ya maimaita ta da kalmominsa, a tambaye shi wane misali ne ya faɗo masa. In a wuri ɗaya kowa na ambaton 'yan sanda, a wani kowa na ambaton surukai, to ba tambaya ɗaya ake yi ba.

Akwai hanyar lissafi da ke gano ko ma'aunin na aiki iri ɗaya a ko'ina?

Akwai, kuma hawa uku ce. Hawa na farko: jimlolin shida su taru a kan abu guda a kowace ƙasa. Na biyu: nauyin kowace jimla a kan wannan abu ya zama daidai a ko'ina. Na uku: mutum biyu masu ganin tsauri iri ɗaya, daga ƙasashe biyu, su ba da amsa iri ɗaya a kowace jimla. Sai an hau na uku ne ya halatta a kwatanta matsakaicin ƙasashe kai tsaye. Ana hawa ɗaya bayan ɗaya, ana duban yadda dacewar tsarin lissafin da amsoshin ke raguwa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada alƙalamin CFI, wanda ke auna wannan dacewa, ya faɗi fiye da 0.01.

A aikace, da wuya ma'aunin ra'ayi ya tsallake hawa na uku in ƙasashe sun kai talatin. Jimlar da aka juya ita ta fi ba da wahala, musamman ga masu ƙarancin sabo da cike takarda. Shi ya sa ake komawa ga hanyoyi masu sassauci, irin wadda Tihomir Asparouhov da Bengt Muthén suka fitar a 2014, wadda ke nemo jimlolin da suka kauce ta rage tasirinsu. Duk rahoton da ya jera ƙasashe bai ce uffan a kan wannan gwaji ba, a karanta shi da taka-tsantsan.

Mutum 200 za su iya wakiltar ƙasa guda?

In aka raba 6,823 gida 33, kowace ƙasa ta sami kimanin 207. Yawan ba shi ne matsalar ba. Matsalar su wane ne. An tattara amsoshin ne galibi a birane, daga ɗalibai da ma'aikata masu ilimi, ba ta hanyar zaɓen ƙuri'a daga dukan jama'a ba. Manomin karkara, wanda bai iya karatu ba, da mai magana da ƙaramin harshe duk sun ragu ko sun ɓace. Ƙarin mutum dubu daga jami'a ɗaya ba zai cike wannan giɓi ba, zai ƙara tabbatar da ra'ayin jami'ar ne kawai.

Binciken da Kimmo Eriksson da abokansa suka buga a 2021 ya faɗaɗa fagen zuwa ƙasashe 57 da mutum 22,863, har da ƙasashen Afirka irin su Aljeriya, Botswana, Ghana, Kenya da Najeriya. Ci gaba ne babba, ko da yake shi ma ɗalibai ne suka fi yawa a ciki.

An ce tsayuwar makin ƙasa a binciken 2011 ta kai 0.97. Wannan bai rufe bakin masu suka ba?

Bai rufe ba, domin akwai wata lamba kusa da ita da ba a cika ambata ba: 0.13. Ma'anarta, kashi 13 cikin 100 ne kawai na bambancin amsoshi ke tsakanin ƙasashe. Sauran kashi 87 yana tsakanin 'yan ƙasa ɗaya, haɗe da kuskuren awo. Lambar 0.97 daga wannan 0.13 ɗin aka haife ta, ta hanyar yawan mutane: a ninka 0.13 da 200 a sami 26, a raba da 26.87 (wato 1 haɗe da 0.13 sau 199), sai ga 0.97. Da mutum 30 aka tambaya a kowace ƙasa da ta sauko 0.82, da 10 ne da ta koma 0.60.

Abin da 0.97 ke faɗa shi ne, in aka sake ɗebo irin waɗannan mutane, jerin ƙasashen ba zai sauya sosai ba. Ba ta ce jerin daidai ne ba. Ita kuwa 0.13 ba abin kunya ba ce, a wannan fage lamba ce mai kyau. Amma tana hana abu guda: a ɗauki makin ƙasa a liƙa wa mutum. Ɗan Holan mai tsantseni da ɗan Maleshiya mai sakin jiki ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. William Robinson ya yi gargaɗi kan wannan kuskure tun 1950.

To mene ne ke goyon bayan ma'aunin?

Abubuwa masu nauyi, kuma adalci ne a faɗe su. A cikin binciken 2011 an saka ma'auni na biyu mai kama ƙasa: ayyuka 12 a wurare 15, wato hukunci 180. Ya dace a ci abinci a cikin lif? A yi dariya a wajen jana'iza? A yi waƙa a bas, a yi gardama a banki, a yi kuka a ofishin likita? Ƙasashen da suka fito da tsauri a jimloli shida su ne kuma suka fi taƙaita abin da ya halatta a waɗannan wurare. Irin wannan tambaya ba ta buƙatar mutum ya siffanta ƙasa guda, lif kowa ya san shi.

Makin ya kuma tafi tare da bayanan da ba daga bakin masu amsa suka fito ba: yawan 'yan sanda gwargwadon jama'a, riƙe hukuncin kisa, taƙaita kafafen watsa labarai, ƙarancin kisan kai, cunkoson jama'a har na shekarar 1500, yawan bala'o'i da cututtuka. Sannan a 2020 Joshua Jackson, Gelfand da Carol Ember sun bi wata hanya dabam, suka karanta rubuce-rubucen masana kan al'ummomi 86 da ba su da masana'antu, suka ga tsauri a wani fanni na tafiya da tsauri a wasu fannoni. Ma'aunin da salon amsawa kaɗai yake kamawa ba zai haɗu da duk waɗannan ba.

Me ya sa wani jadawalin ya fitar da jeri daban?

A 2015 Irem Uz ta fitar da nata jadawali na ƙasashe 68. Ba ta tambayi kowa game da tsauri ba. Ta ɗauki amsoshin babban binciken World Values Survey, ta duba yadda amsoshin 'yan ƙasa suka warwatsu. Hujjarta: inda ƙa'ida ke da ƙarfi, bakin mutane zai zo ɗaya. Maroko ta fito cikin mafi tsauri, Beljiyam cikin mafi sassauci. Jerinta bai yi daidai da na Gelfand ba yadda za a zata daga ma'auni biyu masu suna ɗaya.

Dalilin shi ne ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ɗaya na auna matsin da mutane ke ji, ɗayan na auna kamanceceniyar ra'ayi. Mutane na iya zama da ra'ayi ɗaya ba tare da tsoron kowa ba, suna kuma iya saɓawa a zuci su bi a fili.

Hanyar warwatsuwa na da nata lahani na lissafi. Tambayoyin "shin wannan aiki na da hujja" ana amsa su daga 1 zuwa 10. In matsakaicin ƙasa 1.5 ne, warwatsuwar ba za ta iya wuce kimanin 2.1 ba ko da an so. In 5.5 ne, tana iya kai 4.5. Saboda haka ƙasar da ta ƙi wani aiki baki ɗaya za ta fito da "tsauri" dole, kuma ma'aunin ya rikiɗe ya koma auna riƙon gargajiya a kan batutuwan da aka zaɓa, kamar saki da zubar da ciki.

Tsauri ba dai wani suna ba ne na fifita jama'a a kan kai?

A'a. Alaƙar makin tsauri da ma'aunin Hofstede na fifita kai ta kai kimanin -0.47, wato sun haɗu a kusan kashi 22 cikin 100 kacal. Brazil na fifita dangi da jama'a amma tana da sassauci. Norwe na fifita 'yancin mutum amma tana da tsauri.

Ƙasa ɗaya, maki ɗaya: wannan na da ma'ana?

Iyakar ƙasa 'yan siyasa ne suka shata ta. A 2014 Jesse Harrington da Gelfand sun auna jihohin Amurka 50 da bayanan hukuma, kamar halaccin dukan ɗalibai a makaranta, yawan zartar da hukuncin kisa da yankunan da aka hana sayar da giya. Mississippi da Alabama suka fito a sama, California da Oregon a ƙasa. A 2019 Roy Chua da abokansa sun tambayi mutum 11,662 a larduna 31 na China, suka tarar da wani abu da ya saɓa wa na Amurka: lardunan da suka fi birane da arziki, irin su Guangdong da Shanghai, su suka fi tsauri. A 2020 Thomas Talhelm da Alexander English sun danganta tsaurin lardunan China da tarihin noman shinkafa, wanda ke buƙatar rabon ruwa da aikin haɗin gwiwa.

Ga ƙasar da ke da harsuna da addinai da yawa, jimlar "a ƙasar nan" na iya rikita mai amsa. Wani zai yi tunanin unguwarsa, wani babban birni. In ƙungiyoyi biyu kowacce na da tsauri a cikinta amma ƙa'idojinsu sun saɓa, jimlar ittifaƙi za ta sami amsa ƙasa-ƙasa, ƙasar ta fito da sassaucin da babu shi a rayuwar kowa.

Barazana ce ke haifar da tsauri?

Wannan shi ne bayanin da masu ma'aunin ke bayarwa: al'ummar da ta sha yaƙi, yunwa, annoba da girgizar ƙasa na koyon haɗa kai, ta tsananta wa mai kaucewa. Alaƙar na nan a bayanai, amma hujjar sanadi ta fi rauni. Ƙasashe 33 kaɗan ne. Alaƙa mai girman 0.40 a irin wannan adadi na iya zama ko'ina tsakanin 0.07 da 0.65. In aka gwada abubuwa ashirin, ana sa ran ɗaya ya fito da "alaƙa" bisa sa'a kawai.

Akwai kuma tsohuwar matsalar da Francis Galton ya ɗago a 1889: maƙwabta da 'yan asali ɗaya ba shaidu ne masu zaman kansu ba. Ostiriya da Jamus biyu sun haɗa harshe da tarihi, ƙirga su uku kamar kiran shaida ɗaya ne sau uku. Ga kuma waɗanda suka ƙi shiga layi: Isra'ila na cikin barazana amma makinta 3.1, Holan na da cunkoso da tarihin ambaliya amma 3.3.

Annobar korona ta gwada ma'aunin?

Ta gwada, ta fuska biyu. A 2021 Gelfand da abokanta sun ba da rahoto a mujallar Lancet Planetary Health cewa zuwa Oktoban 2020, cikin ƙasashe 57, masu sassauci sun ninka masu tsauri kusan sau biyar a yawan kamuwa, fiye da sau takwas a mace-mace, bayan an cire tasirin abubuwa kamar arziki, cunkoso da shekarun jama'a. Sakamako ne mai ƙarfi, domin makin ya riga annobar. Rauninsa yana ga alƙaluman cutar kansu: ƙasashe sun bambanta ƙwarai wajen gwaji da rajistar mutuwa, kuma ba gyaran lissafin da ke share wannan gaba ɗaya.

Ta ɗaya fuskar, Giulia Andrighetto da tawagarta sun kwatanta amsoshin kafin annobar da na farkonta a ƙasashe 43. Ƙa'idar wanke hannu ta ƙaru, amma tsauri gaba ɗaya bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu. Ko dai al'ada ba ta juyawa cikin watanni, ko jimlolin shida ba sa jin ƙaramin motsi.

Wanda zai yi nasa binciken, me ya kamata ya yi?

Ya fara da fayyace rukunin da yake nufi, ƙasa ce, lardi ne ko ma'aikata, ya sa sunan rukunin a cikin jimlolin. Ya yi fassara da mayarwa, sannan hirar gwaji. Ya ƙara jimlolin da aka juya har su yi daidai da miƙaƙƙu, amma ya rubuta su ba tare da "ba… ba" biyu a jimla ɗaya ba, don kada su rikita mai karatu. Ya saka gajerun labarai na ƙirƙira guda biyu ko uku, misali wani ya tsallake layi a tashar jirgi mutane suka yi masa kaza, ya ce kowa ya ba su maki. Labarin ɗaya ne a ko'ina, don haka bambancin makin da aka ba shi na nuna bambancin sikelin masu amsa. Gary King da abokansa ne suka yaɗa wannan dabara a 2004.

Ya ɗebi mutane daga birni da karkara, maza da mata, manya da matasa, aƙalla 200 a kowane rukunin da zai kwatanta. Ya raba tambayoyi bisa fanni: sutura, tsabtar wuri, lokaci, addini, mu'amalar maza da mata, biyayya ga hukuma. Ya kuma tambayi nau'in hukuncin, domin binciken ƙasashe 57 ya nuna cewa inda ba a yarda da tunkarar mai laifi ko ƙaurace masa ba, an fi yarda da yi da shi a bayan ido. Wanda ya auna tsawatarwa kaɗai zai ɗauka irin wannan wuri ba a hukunta kowa. A ƙarshe ya haɗa da abin da ido ke gani: mutum nawa cikin ɗari ke tsallaka titi fitila na ja, mota nawa aka ajiye inda aka hana. Ya buga makin da aka gyara da wanda ba a gyara ba gefe da gefe.

Ni da nake karanta jadawalin kawai, me zan ɗauka, me zan bari?

Ɗauki tazara mai faɗi. Bambancin Singafo da Brazil, ko na Japan da Holan, ya yi girman da salon amsawa ko fassara ba za su iya ƙirƙiro shi su kaɗai ba, kuma wasu ma'aunai sun mara masa baya. Bar tazarar kusa: Birtaniya 6.9, Italiya 6.8, Ostiriya 6.8, Faransa 6.3, waɗannan a ɗauke su tsara ɗaya. Duba shekarar da aka tattara amsoshin, domin makin 2011 na farkon shekarun 2000 ne, kuma waɗanda aka haifa a lokacin yanzu sun zama manya. Kada a haɗa makin 2011 da na 2021 a jadawali ɗaya, sikelinsu daban ne. In ƙasar da kake nema ba ta cikin jerin, kada ka aro mata makin maƙwabciyarta.